Kun Cike Kududdufi, Layinmu Ya Watse

Zuwa ga mai girma Shugaban kwamitin gyaran gari da dashen itatuwa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali da abokan aiki. Ranka ya daɗe, sunana Malam Lawal, mai gyaran keke, ina zaune a wani layi can bayan kasuwar Dutsin-Ma. Na zo ofishinku aka ce ka fita, na koma aka ce kana taro, shi ya sa na rubuto a fili.

Kwanan baya na ji ka a rediyo kana ambaton unguwarmu cikin wuraren da aikinku ya yi nasara. A ƙofar gida na ji, ni kaɗai, ba wanda zan juya mu yi zancen da shi. Ga abin da ba a gaya maka ba.

Na ɗaya. Kududdufin da kuka cike bara waccan kuka dasa darbejiya a kansa, ban ce abin kirki ba ne. Yana wari, yana tara sauro. Amma tun ina yaro nan ruwan saman unguwar yake sauka. Ba a tambaye mu ba, ba a kuma fitar wa ruwan wata hanya ba. Daminar farko ya biyo layinmu, ya shiga zaure, ya shiga ɗaki.

Na biyu. Gidajenmu na ƙasa ne. Katangar Hajiya Indo mai ƙosai ce ta fara zubewa, 'ya'yanta suka zo suka ɗauke ta. Sai Alhaji Sada, aminina, wanda tun rasuwar matata tare muke cin tuwo a zaurensa. Ɗakinsa ya rufta yana masallaci, Allah ya kiyaye. Ɗansa ya zo da mota ya tafi da shi Birchi. Da za su tashi Alhaji Sada ya miƙo mini buzunsa na salla ta taga. Sauran maƙwabta suka bi, kowa ya sa kwaɗo a ƙofarsa.

Na uku. A ɗan masallacin layinmu yanzu ni ke kiran salla, ni ke tada iƙama. Nakan ɗan jira ko mai wucewa zai shigo mu yi jam'i. Yawanci ba kowa.

Na huɗu. Bana ma'aikatanku sun dawo, sun ƙirga itatuwa, sun ɗauki hoto. Itatuwan sun kama, wannan gaskiya ne, har ni nakan zuba musu ruwa da rani. Sun gaishe ni da ladabi, amma ba wanda ya tambayi dalilin da ƙofofi suke kulle. Ranka ya daɗe, in ana so a san ko gari zai ɗore, a ƙirga itace, amma a duba mutanen da za su sha inuwar, suna nan ko sun tashi.

Roƙona shi ne a haƙa magudanar da za ta fitar da ruwan nan kafin damina ta kankama. A taimaka wa waɗanda gidajensu suka rushe su dawo. Nan gaba kuma, kafin a taɓa wuri, a zauna da mazauna wurin. Kai ma ina roƙonka ka tako da ƙafarka ka gani, akwai tabarma.

'Yata da ke aure a Kurfi ta matsa in koma wurinta. Na yi mata alkawari in ruwa ya sake shigo mini bana zan tafi. Ba na son tafiya, a gidan nan aka yanke cibiyata. Ga shi hadari ya fara haɗuwa ta gabas.

Allah ya yi maka jagora, ya sa ka sauke nauyin jama'a lafiya, ya raba ka da zama kai kaɗai a tsufanka.

Wassalam.
Malam Lawal mai gyaran keke.