Randarki ta Ƙarshe, Inna

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, na rubuto ne daga shagon hotona a garin Abuja, a kan maganar randarki.

Ita kaɗai ta rage a gidanmu na garin Kwali. Ita ma ta tsage daga wuya, tsagar kuma kullum ƙara sauka take. Jikarki Asabe ta fara taɓa yumɓu, zanenki take so ta koya, ga shi ba mai nuna mata. Idan randar ta fashe babu hoto, zanen ya tafi ke nan.

Kin tuna sanda na fara zuwa gida da kyamara? Kin goge tukunya da dutsen rafi, kin yayyafa mata makuba har tana ɗaukar ido, kika ajiye ta tsakiyar rana wai don ta fito da kyau. Da aka wanke hoton, inda zanen ƙadangarunki da kifayenki yake sai farin tabo. Kika juya shi sama da ƙasa, kika ce da irin Hausarki, "Wannan ba tukunyana ba ne, rana ne ka ɗauka." Mun sha dariya, amma abin ya daɗe yana cin raina.

To, Inna, na gano kansa. Hasken rana yana kaɗawa ta kowace fuska, tsaye da kwance da karkace. In ya bugi abu mai santsi ya dawo, yawancinsa fuska ɗaya yake bi, shi ne ƙyallin da ya rufe zanenki. Na sayo wani baƙin gilashi a Kaduna, filta ake ce masa, ana ɗaura shi a bakin kyamara. Kamar asabari yake: tsinken da ya zo daidai da tsagar asabarin sai ya wuce, wanda ya zo a gicciye ya tsaya. Akan yi ta juya shi har ya tare ƙyallin. Sai dai yana rage haske, dole a kafa kyamara a kan ƙafafunta don kada ta motsa.

Jiya na je gida. Na hana kowa motsa randar, ni na tsaya ta gefenta. Ina juya gilashin, farin ya dushe, ƙadangarun suka fito ɗaya bayan ɗaya. Can ƙarƙashin wuya, inda ban taɓa lura ba, ga sawun babban yatsanki. Sai da na zauna. Na yi kewarki, Inna, ƙwarai.

Gefe ɗaya kawai na samu kafin rana ta juya. Zan koma gobe, in koma jibi, har in zagaye ta kaf kafin ruwan fari. Asabe za ta zana abin da kika zana.

Allah Ya haskaka makwancinki, Ya riƙe mini tsagar nan har in gama.

Ɗanki,
Audu mai hoto