Rana Ɗaya, Dandali Biyu

Assalamu alaikum, Yaya Sabi'u. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya a Kano, kai da iyali.

Saƙonka na murya ya iso, na saurara har ƙarshe. Wai kada in kuskura in haɗa ƙungiyar wasan kwaikwayonmu da ta Baba Tanko. Yaya, wallahi raina ya ɓaci, shi ya sa na rubuto a fili kowa ya gani.

Ba sai ka tuna min tarihi ba, ai ni ke ɗaure maka labule. Duk Sallah a unguwarmu ta Karantina, nan Jidda, sai ka jira Baba Tanko ya sa ranar wasansa, kai ma ka sa naka a ranar, a filin da ke kallon nasa. Shekarar da ya kawo injin hayaƙi aljani ya fito daga ciki, kai raƙumi na gaske ka aro, ka shigo dandali a kansa. Raƙumin ya cinye gemun audugar mai fitowa a alƙali a wasanmu, mutane suka baro wasan Baba Tanko a guje. Kullum kana cewa, "In ba a raba unguwa biyu ba, ba a yi Sallah ba."

To ina unguwar, Yaya? An rushe ta, kai ka koma gida, jama'armu ta watse cikin Jidda.

Ƙaramar Sallar nan na bi umarninka, na kama zauren biki kusa da nasa, a ranarsa. 'Yan kallonmu ko layin gaba ba su cika ba, nasa ma haka. Wata tsohuwa ta taso tun daga unguwar Aziziyya, ta tsaya a titi tana tambayata wanne za ta shiga, don jikarta na cikin wasanmu, ɗanta na cikin nasa. Kunya ta kama ni.

Yaranmu haifaffun nan Hausar ma da ƙyar take fita a bakinsu, a dandali kaɗai suke dagewa su yi ta. Biyu sun riga sun ce min "khalas", wato shi ke nan, sun daina zuwa. In muka sake yi wa kujeru wasa, sauran ma tafiya za su yi.

Baba Tanko da kansa ya zo wurina, yana dogara sanda. Lafiyarka ya fara tambaya. Ya ce har yau bai huce da raƙumin nan ba, ya yi dariya har da hawaye.

Ka yi haƙuri, Yayana, Babbar Sallah dandali ɗaya za mu hau. Sharaɗinsa guda ne: a takardar talla sunansa ya fi naka girma. Na ce wannan ba huruminna ba ne, na ba shi lambarka. Don Allah in ya kira ka ɗauka, ku yi faɗanku. Ya yi kewarka.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya sanyaya zuciyarka, ya sake tara mu wuri ɗaya.

Ƙaninka,
Hamisu, daga Jidda