Gudun Habu a Roni

Asabar, bayan isha'i, Kazaure, 1976

Yau na goya Habu a keke zuwa Roni, gasar gudun 'yan firamare. Tun zagayen farko aka bar shi a baya. 'Yan kallo suka sa shi gaba: "Ƙafar tsinke, koma gida!" Wanda ya fi kowa ihu yana dab da ni, har yana zungurina in taya shi dariya. Ban ce masa ɗana ne ba. Har yanzu ban san dalili ba.

Habu dai ya ƙarasa, na ƙarshe.

A hanya ya ce, "Baba, ka ji abin da suke cewa?"

Na ce ban ji ba.

Sai da muka hango duwatsun gari ya ce, "Ni ma ban ji ba."