Tsagar da Ke Hawa na Uku

Zuwa ga Malamata, uwar yarana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, karatu yana shiga, kuma ciwon kan da kika ce yana damun ki ya lafa. Mu nan lafiya lau muke. Yayarsu ta riƙe kicin, sai dai hannunta ya yi nauyi a gishiri. Auta ya daina kukan safe.

Za ki yi mamakin ganin wasiƙa alhali kullum muna waya. Idan kin kira, yaran manne suke da ni, kuma kin san muryata ba ta iya ɓoye miki komai. Shi ya sa na rubuta, zan ba direban da ke kai muku kaya.

Kin sha yi mini tsiya cewa aikina shi ne in zauna ina tunanin masifa. Ban taɓa musu ba. Tun da aka ba ni sashen shirin ko-ta-kwana a ma'aikatar lafiya, aikin ke nan: idan gobara ta tashi ta ina za a fita, idan wuta ta ɗauke ina za a koma, yaya aiki zai ci gaba. Har a ofis Malam Idan suke ce mini. Da ina dariya. Yanzu na daina.

Makon jiya mai shara ta nuna mini wata tsaga a ginshiƙin da ke kusa da matattakala, a hawa na uku. Na san tsagar tun da, siririya ce kamar zare. Wannan karon ɗan yatsana ya shige. Ƙofar ɗakin rajista ta daina rufuwa sai an daka mata kafaɗa, tayil ɗin baranda kuma sun fara tashi da kansu.

Na roƙi ma'aikatar ayyuka suka turo injiniya, wata mata mara yawan magana. Ta daɗe tana ƙwanƙwasa ginshiƙin da ɗan guduma, sannan ta manna wani siririn gilashi a kan tsagar. Ta ce idan ya fashe, ginin motsi yake yi. Ta tambaye ni, "Mutum nawa ke wuni a nan?" Na gaya mata. Ta mayar da gudumarta jaka. Da za ta sauka, sai ta zagaya ta bi ɗaya matattakalar ta can ƙarshe. Wannan zagayen nata shi ya hana ni sakat.

Na kai wa Darakta maganar. Ya ce a jira rahoto a rubuce, Babban Sakatare ma ya yi tafiya, kuma kada in kuskura in tayar da hankalin jama'a. Ba mugun mutum ba ne, ofishinsa ma a saman tsagar yake. Amma ba ya motsi sai da takarda.

Abin da ya fi damuna, a ƙasan ginshiƙin nan ɗakin kira yake, inda asibitoci ke bugo waya su nemi jini ko tukunyar iskar numfashi, mu tura mota. Ɗakin nan ba ya rufuwa. Idan na fitar da su, marasa lafiya za su sha wuya. Idan na bar su, kin ga inda suke zaune.

Kullum da safe kafin in shiga ofishina sai na hau na duba gilashin. Ina gaisawa da mutane a matattakala, bakina ɗauke da abin da aka hana ni faɗa. Jiya Goggon rajista, tsohuwar nan mai ciwon gwiwa da ta yi miki rakiya ranar sunan Auta, ta ce na rame, wai ko kewar ki ce. Na ce eh.

Ki saka ni a addu'a. Kada ki gaya wa Mama, hawan jininta ba zai ɗauka ba.

Naki har kullum,
Baban yara

Zuwa ga Malamata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, da fatan jarrabawar gwaji ta zo da sauƙi. Yara suna gaishe ki. Na ga amsarki, na karanta ta a cikin mota don kada su ga fuskata. Kin ce in nemi hutu in bar ginin. Na yi tunanin haka, wallahi na yi. Amma da wane ido zan zauna a gida, na san abin da na baro a kan mutane?

Kafin wani ya ba ki labari a karkace, ga abin da ya faru ranar Talata.

Da hantsi na hau duba gilashin, na tarar ya rabu biyu. Ina tsaye ina kallon sa sai na ji wata ƙara a cikin bangon, kamar an karya busasshen itace, ƙasa ta zubo mini a kafaɗa. Na ja da baya. Na kira injiniyar, wayarta a kashe. Na kira Darakta, yana taro a waje, bai ɗauka ba. Ga jan akwatin ƙararrawa a bango kusa da ni. Na san ba ni da ikon taɓa shi sai da umarni, sai dai idan wuta nake gani da idona. Na tsaya har gumi ya jiƙa mini riga, ina jiyo dariyar 'yan rajista ta ƙofar nan da ba ta rufuwa. Sai na fasa murfin na danna.

Mun sha yin atisaye, amma a atisaye mutane hira suke fita da ita. Wannan karon fuskata suka kalla, suka gane ba wasa ba ne. Na tsaya a bakin matattakalar da ke da tsaga na ware hannuwa, ina tura kowa ta can ƙarshe. Wani ya ture ni har na bugu da bango. Wata ta koma ɗauko jakarta, na yi mata tsawar da ban taɓa yi wa mace ba. Goggo ta zauna a kujerarta ta ce, "Ɗana, ku je, gwiwar nan ba za ta sauka da gudu ba." Ni da Rediyo, abokin aikina sarkin surutu, muka ɗauke ta da kujerar gaba ɗaya. Duk takun da na yi, ji nake shi ne zai ƙarasa ginin.

Kowa ya fita lafiya. Amma abin da na tsara a takarda bai tafi yadda na tsara ba. Zauren makarantar horar da ma'aikata, inda ɗakin kira ya kamata ya koma, a kulle muka same shi, mai makullin ya tafi kai matarsa awo. Da aka fasa kwaɗon, janareta ya ƙi tashi. Layukan waya kuma sai da kamfani ya juyo mana da su, suka yi ta ja mana rai. Yaran ɗakin kira suka baje takardu a kan motoci, suna bin asibitoci ɗaya bayan ɗaya da wayoyin hannunsu.

Da layi ya dawo, kiran farko na wata nas ce daga wani ƙaramin asibiti a bayan gari. Tana kuka tana faɗa. Ta ce tun ɗazu take nema, jariri ne a hannunsu, iskarsu ta ƙare. Mun tura mota nan take. Har yanzu ban san abin da motar ta tarar ba. Direban ya ce ya sauke tukwane ya juyo. Na ɗauki waya in tambaya ya fi a ƙirga, sai in ajiye.

Darakta ya dawo ya same mu a rana. Bai ɗaga murya ba. Washegari aka ba ni takardar tuhuma, in bayyana dalilin da ya sa na tsayar da aikin gwamnati ba da izini ba. Amma dai ba wanda ya yarda ya sa hannu a mayar da mutane ciki, don haka ginin na nan a rufe.

Ba takardar ce ke tsorata ni ba, Malamata. Jaririn nan ne.

Naki,
Baban yara

Zuwa ga Malamata,

Assalamu alaikum. Yaya karatu, yaya abokan ɗakinki? Ina fatan kina cin abinci. Yayarsu ta ce in gaya miki ta koyi ɗaure wa Auta takalmi ba tare da faɗa ba.

Na bi shawararki na je asibitin da ƙafata. Na daɗe a mota kafin in iya fita. Na samu nas ɗin, na gaya mata ni ne na sa layin ya mutu ranar nan. Ta kalle ni sama da ƙasa. Ta ce jaririn na nan da rai, har an sallame su. Ashe da hannu suka yi ta matsa masa iska da 'yar jakar roba, ita da wata, suna karɓa-karɓa har motar ta iso. Ta nuna mini hannunta, ta ce kwana ya yi bai miƙe ba. Sannan ta wanke ni tas, ta ce nan gaba idan za mu gudu, mu bar wa mutane lambar da za su same mu. Gaskiyarta ce. Na yi ta ba ta haƙuri, ban san hawaye nake ba sai da ta miƙo mini ruwa.

Ginin kuwa yana nan tsaye, ko bulo ɗaya bai faɗo ba. Mu kuma muna cushe a zauren makaranta, tebur ɗaya mutum uku, ga zafi, ga banɗaki ɗaya. Mutane sun gaji, kuma ni suke kallo. Rediyo kullum sai ya leƙa taga ya ce, "Malam Idan, yau ma bai faɗi ba, ko gobe ne?" A yi dariya. Wasu ba dariya suke ba, sun daina amsa gaisuwata. Ana raɗe-raɗin za a dakatar da ni idan kwamiti ya zauna.

Akwai abin da zan faɗa miki wanda ban iya faɗa wa kowa ba. Shekaranjiya na tsaya daga nesa ina kallon ginin, sai na ji zuciyata tana cewa ina ma ya rushe, tunda ba kowa a ciki, kowa ya gani ba hauka nake ba. Sai ga mai gadi ya fito daga inuwar ginin da buta a hannu. Ashe a gindin bangon yake wuni. Na tsorata da kaina. Na je na ɗauke masa benci da hannuna zuwa bakin titi, yana ta mita.

Ki yi mini addu'a Allah ya tsarkake mini zuciya. Ba na son gaskiyata ta fito ta kan ran wani.

Naki mai kewar ki,
Baban yara

Zuwa ga Malamata,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Mun ji daɗin jin an sa ranar gama karatunku. Yara har sun fara gyaran ɗaki.

Rahoton ya fito. Injiniyoyi sun fasa ginshiƙai sun duba, suka tarar ruwa ya daɗe yana shiga daga bututun banɗaki, rodin ciki ya ci tsatsa har yana marmashewa a hannu. Sun ce ba mai komawa ginin, rushe shi za a yi. Takardar tuhumar kuma ba wanda ya ƙara maganar ta. Ba a janye ba, ba a ba ni haƙuri ba, shiru kawai aka yi, ni ma na yi.

Na ɗauka hankalina zai kwanta. Sai aka ce dole a shiga a kwaso injinan ɗakin kira da fayil-fayil, kuma ni zan jagoranta, tunda ni na san hanya. Aka tokare hawa na ukun da ƙarafa, aka ba mu hular kwano, muna shiga kaɗan-kaɗan ta matattakalar ƙarshe. Ginin da na yi shekaru ina shiga ba tare da tunani ba, ranar nan da ƙyar na ɗaga ƙafa na tsallake bakin ƙofarsa. Ciki tsit, kofunan shayi na nan a kan tebura, takalmin wata ƙafa ɗaya a baranda. Rediyo ne a bayana ɗauke da akwati. Sawu bayan sawu, sarkin surutun nan numfashinsa kawai nake ji. A sawu na ƙarshe ya kama gefen rigata kamar yaro, ya ce a hankali, "Don Allah kada ka yi sauri ka bar ni."

Mun kwashe komai. Ni na fito a ƙarshe na rufe ƙofa. Darakta na tsaye a waje, ya karɓi makullin, ya ce, "Sannu." Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Ina jin iyakar abin da zai iya ke nan.

Yanzu an ce in duba shirin sauran gine-ginen ma'aikatar. Na fara da yanka wa zauren makulli uku a hannun mutum uku, da samar da lambar da ba za ta mutu ba ko ina muka gudu.

Sai dai tsoron bai tsaya a ofis ba, ya biyo ni gida. Na ga wani layi a silin ɗakin yara, na kira magini. Ya hau tsani ya kankare da farce, ya ce fenti ne kawai, yana ta dariya. Na yarda da shi. Duk da haka, idan kin dawo kika tarar da gadon yara a falo, kada ki yi musu faɗa, ni na jawo shi. Ki bar shi a nan tukuna, har zuwa lokacin da zan iya mayar da shi da kaina.

Allah ya dawo mana da ke lafiya.

Mijinki,
Baban yara