Abin da Aka Tono a Katangar Inna

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya iyali, ya zaman Fatakwal? Mu nan Ƙofar Marusa lafiya lau, sai kewarku.

Albishirinka! Ruwan bana ya kayar da katangar Inna, magina suka tono wani kewayayyen jan ƙarfe mai tauraro kamar hatimi. Inna ta ce, "Shi ke nan, sammu ne! Ga dalilin ciwon ƙafata." Har ta daina gaisawa da maƙwabta.

Na ɗauki hotonsa na nuna wa manhajar ƙirƙirarriyar basira a wayata. Ta ce ga alama tsohon kuɗin Maroko ne, amma a kai wa masana su tabbatar. Yaya, ashe ba cika baki kakanmu yake ba da yake cewa mahaifinsa ya yi fatauci har ƙetaren Sahara!

Yanzu Inna ta ƙulle shi a haɓar zane, kowa ya shigo sai ta kwance ta nuna masa. Maƙwabtan ma ta aika musu da fura.

Ka gaida Anti Rabi da yara, ku sa mu a addu'a. Ƙafar kuwa, Inna ta yarda tsufa ne.

Ƙanwarka,
Hadiza