Jakin Gaji da Takardar Dakta

Limawa, Dutse
Asabar

Yaya Safina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, da maigidanki Malam Umar da duk mutanen Taura. Ya ƙafar Nabila, ta daina ɗingishin?

Na rubuto ne don a waya ba kya barina in kai ƙarshen magana. Ke kika ce in ba Dakta Abdurrahman aron littattafan zanen marigayi Baba Ɗan'inna, wai masani ne, zai fito da sunansa duniya. To na ba shi, duka sha tara, waɗanda na shekara goma sha ɗaya ina tarawa, har da wanda na ƙwato a hannun mai ƙosai ta fara yagarsa.

Jiya ya gabatar da takardarsa a taron masana. Na ajiye adaidaita sahuna na je da wankakkiyar riga. Yaya, da ma ban je ba. Kin tuna yadda Baba yake zana labarin Gaji da jakinsa: gida huɗu a jere, babu rubutu ko ɗaya, don 'yan kasuwa ya yi. Kin kuma san a allo ya koyi riƙe alƙalami, daga dama yake farawa. Dakta daga hagu ya karanta! A wurinsa Gaji yana kan jaki, aka yi kokawa, ɓarawo ya ja jakin, Gaji ya ƙare da igiya a hannu. Shafi arba'in ya rubuta cewa Baba yana koya wa talaka saduda. Baba Ɗan'inna! Mutumin da ko a layin famfo ba a shiga gabansa!

Na miƙe na ce labarin a juye yake, da igiya Gaji ya fara, a kan jakinsa ya gama. Ya tambayi makarantar da na yi. Na ce wadda ake sanin gaban jaki da bayansa. Aka yi dariya, aka kuma fitar da ni.

Ki gai da kowa.

Ƙaninki,
Huzaifa


Limawa, Dutse
Laraba

Yaya Safina,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kun tashi lafiya. Saƙonki ya iso ta hannun direban Taura, da kuka da daddawar, Allah ya saka. Faɗan ma ya iso, bai zube a hanya ba.

Kin ce in je in ba Dakta haƙuri don ya girme ni. Na je, amma karɓar kayana na je yi. Ya ba ni kujera, ban zauna ba. Ya ce littattafan sun fi ƙarfin akwatina, duk maiƙo da gumin hannu sun ci su, gara in sa hannu in ba da su kyauta a adana a ɗakin karatu. Na tambaya ko zan riƙa shiga. Ya ce sai mai katin ɗalibi ko na ma'aikaci. Wato ni da na tsince su zan tsaya a bakin ƙofa.

Sai ya ce wai ni masoyi ne, shi manazarci. Masoyi ji yake a ransa, manazarci sai ya nuna hujja. Na ce na sha zama kusa da Baba yana zane. Ya ce mamaci ba ya ba da shaida, kowa ma zai iya cewa ya zauna. Ba zan ɓoye miki ba, Yaya, wannan ta shige ni.

Kin san bakina. Kafin in yi tunani na ce in ban kawo hujja daga cikin zanen kansa ranar Litinin ba, zan sa hannun. In na kawo, ya miƙo mini kayana. Ya ce ya yarda, da murmushinsa.

Littattafan suna cikin kabad ɗinsa, amma suna cikin kaina. Kwana biyu ke nan ina ɗaukar fasinja ina wuce inda za su sauka, wata tsohuwa har ta ɗaka mini duka a baya. Na sayi littafin rubutu, duk abin da na tuna in tsaya a gefen titi in rubuta. Littafi na huɗu, shafi na bakwai: tulun wata mata lafiyarsa lau a dama, a fashe a hagu. Tulu yana haɗa kansa ne? Na sha ɗaya: ɓarawo yana shan rake, dogo a dama, guntu a hagu. Na sha shida: Gaji a gaban wanzami, da suma a dama, ƙwal a hagu. Sai dai in wanzamin Dakta dasa gashi yake.

Kada ki gaya wa Umma. Ki dai yi mini addu'a.

Naki,
Huzaifa


Limawa, Dutse
Lahadi

Yaya Safina,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da Malam Umar, Allah ya sa yara suna lafiya.

Ran Litinin na kai wa Dakta wurare talatin da uku. Ya ciro littattafan yana bi ɗaya bayan ɗaya da bakin fensir, ya fi awa yana dubawa. A kan raken ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi. Biyu na yi kuskuren shafi, kuma sai da ya nuna mini su, har da ja musu layi. Na ji haushi, amma gaskiyarsa ce. Sauran talatin da ɗaya ya ce babu ja, zai janye takardar ya sake ta daga farko. Ban zaci zai iya faɗar haka ba. Wannan kam na ba shi.

Daga nan sai lallashi. Zai sa sunana a wurin godiya, zai nema mini kati na musamman, in dai na bar su. Na ce alƙawari ba haka yake ba. Baba bai zana su don kabad ba, kuma ba na neman izinin shiga wurin abina. Ya ce nan da shekara goma za su ruɓe a hannuna. Wataƙila. Na ce ya ɗauki hotonsu ya adana, wannan aikinsa ne. Na zuba su a kwali na ɗora a bayan adaidaita.

Ya biyo ni har waje yana tambayar yadda zai ƙarasa aikin. Na ce duk Asabar bayan la'asar zan shimfiɗa tabarma a ƙofar gidanmu, mai son karatu ya wanke hannu ya zauna.

Jiya ya zo, Yaya, da motarsa da jakarsa. Littafi na shida yake nema, yana hannun Malam Muhammad mai wanki, wanda yake ta ƙyaƙyata dariya bai ko kai rabi ba. Dakta ya dube ni, wai ko zan sa baki. Na ce layi ne. Ya cire takalmi ya zauna yana jira.

Ki gai da mutanen gida. Ki daina cewa ba ni da kunya, ruwa ma na ba shi.

Ƙaninki mai ƙaunarki,
Huzaifa