Na ɗora wa ungozomar asibiti laifin da nawa ne

Assalamu alaikum. Don girman Allah a sakaya sunana, ku kuma masu karatu ku ji ni tukuna kafin ku zage ni, wanda nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Ni dattijuwa ce a Shamaki, nan Gombe. Shekara biyu da suka wuce 'yata ta dawo gida goyon ciki, ni nake raka ta awo wani ƙaramin asibiti. Ungozomar wurin, wata 'yar Ibo da muke kira Sista, ta auna ta, ta ja ni gefe don kar hankalin yarinyar ya tashi, ta ce, "Mama, jininta ya hau. Naƙuda na farawa ki kawo ta, kar ki jira." Na ce to. A raina kuwa na ce haihuwa tara na yi a ɗaka, wannan ce za ta koya mini? Ga shi lokacin bama-bamai na tashi a gari, ko'ina shingen sojoji, duk inda na ga taro sai gabana ya faɗi. Ranar da naƙuda ta zo da hantsi, na tura ƙofa na ba ta rubutu, na hana ta ko nishi mai ƙarfi, wai kunyar ɗan fari. Har la'asar muna abu ɗaya, sai jijjiga ta kama ta. Ita ta sha da ƙyar, jaririn bai zo da rai ba.

A zaman gaisuwa mijinta ya tambaye ni, "Inna, a wurin awo ba su ga komai ba?" Na buɗe bakin nan nawa na ce, "Cewa suka yi lafiya lau." Ya je har asibitin ya ci mutuncin baiwar Allah, ya rantse matarsa ta bar awo ke nan. Sista ba ta tona ni ba. Mun haɗu a kasuwa na sunkuyar da kai, ita ta fara gaishe ni.

Yanzu 'yata na da ciki wata bakwai, ko sau ɗaya ba a duba ta ba. Gaba kura, baya sayaki. In na faɗi gaskiya, da wane ido zan kalle su? In na yi shiru, wa zai auna jininta? Jiya ta riƙe hannuna ta ce, "Inna, wannan ma a ɗakinki zan haihu, ke kaɗai na yarda da ke."

Jama'a, me zan yi?